Sunan da Ya Kuɓuce Mini a Gindin Tsamiya

Ko zan manta ranar aurena, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɓata wa matan ikilisiyarmu zaman shirunsu ba. Har gobe in na wuce gindin tsamiya sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

A Azare muke zaune, ba a daɗe da dawowar sojoji daga yaƙin Bama ba. Maigidana kafinta ne. Mu masu bin Almasihu ba mu da yawa a garin, rumfar zana guda ta ishe mu sujada ranar Lahadi. Karatuna bai wuce in bi baƙi da yatsa ina haɗawa ba. Ina goyon Laraba a lokacin, ko zama ba ta fara ba.

Amma sai na fara gaya muku wanda ya riga Laraba. Ɗan farina namiji ne, aka sa masa sunan mahaifin maigida, wanda ya rasu tun kafin a kawo ni. Kun ga kunya biyu ta haɗu ke nan: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, sunan suruki kuma ba ya shiga bakin matar ɗa. "Yaron nan" nake ce masa. Wata Lahadi yana ɗan zazzaɓi na goya shi muka je sujada. Aka ce a rufe ido a yi addu'a, na rufe. Addu'ar ta yi tsawo, har ina jin daɗi ya yi barci bai dami mutane ba. Da aka tashi na sauko da shi in ba shi nono, ashe ya riga ya tafi. A bayana, ni kuwa ina ta amin.

Ban yi kuka a gaban kowa ba, uwar ɗan fari ba ta yi. Inna, surukata, mace ce da ba ta yabon mutum, amma na ji tana ce wa baƙi, "Yarinyar nan akwai kunya, akwai bangaskiya." Bangaskiya ina! Tun ranar ban sake rufe ido a addu'a ba. Kai kawai nake sunkuyarwa (shi ya sa na san ƙafar kowace mace a ikilisiya, na san wadda kaushi ya tsaga wa dunduniya). Da Laraba ta zo, sai na riƙa ƙulle 'yar auduga a bakin zane. In ta yi barci in kara mata a hanci in ga ko za ta motsa.

Bayan kaka wata tsohuwa ta zo mana daga wajen Shira, Iya Rifkatu, mai koya wa mata addu'a. Kuturta ta cinye mata yatsu kafin ta warke, amma idonta ba abin da yake wuce shi. Ta ce mu keɓe yini guda, mu bar turmi da tukunya, mu je wani lambu a hanyar Chinade mu zauna shiru gaban Ubangiji.

"Shiru, Iya? Mu?" in ji Hannatu ƙawata, wadda bakinta ba ya hutawa. "Ai gara ki ce mu kwana ba ci."

Muka je, muka shimfiɗa tabarmi a gindin wata tsamiya. Ni da Inna tabarma ɗaya. Iya Rifkatu ta ce, "Yau ba roƙo. Kun cika Shi da surutu. Ku rufe ido ku saurara." Sai ta juyo kaina. "Har ke, uwar Laraba. Tun safe nake ganin idonki kamar na mai korar tsuntsu a gonar gero."

Aka yi dariya. Gaban Inna ne, ya zan yi? Na rufe.

Da farko ba laifi. Ina jin kukan kurciya, da ƙarar jigon mai lambu can nesa, da ɗumin numfashin Laraba a tsakanin kafaɗuna. Ina binsa ɗaya bayan ɗaya (wannan ce addu'ata, in za a faɗi gaskiya). Can iska ta kaɗa, ɗumin ya ɓace mini. Na girgiza kafaɗa, shiru. Na sake, shiru. Sai na ji ta yi nauyi, irin nauyin nan da bayana ya sani.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fizge majanyi, zane ya bi shi, ƙafata ta yi fatali da ƙwaryar kunun da muka zo da shi, na ɗaga yarinya sama ina jijjiga ta ina ihu:

"Iliya! Iliya! Wayyo Iliya, kada ka sake yi mini haka!"

Hannatu ta zaci maciji ne, ta zuba da gudu ta bar takalmi. Wasu Fulani masu tallan nono suka tsaya a bakin hanya suna kallon ikon Allah. Ita kuwa Laraba ta buɗe ido, ta yi hamma, ta dube ni da fushi, ta tsala ihu, sannan ta saki fitsari a kan tabarmar Inna.

Ina tsaye a fatari, zane a ƙasa cikin kunu, sai kunnena ya maido mini abin da bakina ya faɗa. Sunan ɗan farina. Sunan mijin Inna. Ba sau ɗaya ba, da ƙarfi, gaban matan ikilisiya da masu nono, ga Inna a gindin ƙafata. Ta kafa wa tabarma ido ba ta ɗago ba. Na ce shi ke nan, ɗan mutuncin da nake da shi a gidan nan ya bi kunu.

"Ɗaura zanenki," in ji Iya Rifkatu. "Miƙo mini ita."

Ta rungume Laraba da guntayen hannuwanta. Baƙuwa ce, ba ta san komai ba, sai ta tambaya a fili, "Wane ne Iliya?"

Dole ni na faɗa, kaina a ƙasa, tun daga zazzaɓin har amin.

Sai Iya Rifkatu ta ce, "'Yata, wa ya ce miki sai da ido a rufe Ubangiji yake ji? Muna rufewa ne don kada mu kalli zanen juna. Tun safe muke nan, ban ji wadda ta kira da dukan ranta irin ke ba. To ga ta a hannuna, ni zan tsare numfashinta. Ke yi kukan da ba ki yi ba."

Na yi. Ba kuka mai kyau ba, irin mai majina da shessheƙa. Zaman shiru dai ya tashi daga nan.

A hanyar gida Inna tana gaba ina baya. Ina ta shirya yadda zan durƙusa. Dab da shiga gari ta tsaya tana cire ƙarangiya a bakin zanenta, ba ta dube ni ba.

"Iliya," ta ce, a hankali, kamar mai ɗanɗana miya. "Na zauna da mai sunan har furfura, ban taɓa faɗa ba, har aka rufe shi. Jikan ya zo ya tafi, shi ma ban faɗa ba." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ashe ba nauyi a baki."

Muka tsaya nan mu biyu, masu komawa da shanu suna ratsa mu.

"Amma kada ki sake a gaban mutane," in ji ta. "Kuma ke za ki wanke tabarmar."

Na wanke. Laraba yanzu tana gudu har ba na kamo ta, audugar ma na daina ƙullewa. Hannatu ta laƙaba mini "Sarauniyar Shiru", sunan kuma ya bi ni. Abin da na koya: in za a zauna shiru gaban Ubangiji, a sauko da goyo cinya tukuna, a kuma ɗaura zane da kyau. Ido kuwa ina rufewa yanzu, amma guda ɗaya. Iya Rifkatu ta ce Shi ba ya gyangyaɗi, na kuma yarda. Ɗayan dai na taya Shi gadi ne.