Sanarwar Rasuwar Rediyon Motar Baban Zinnira

Da zuciyar da ta cika fal da baƙin ciki, ku dai bari in gama dariya tukuna, ni Badi'a, a madadin maigidana Baban Zinnira da duk zuri'armu ta Madadi da Garo, nake sanar da 'yan'uwa cewa rediyon nan ya mutu. E, shi dai. Na cikin tsohuwar gingimarin da maigidan ya gada wajen mahaifinsa, wadda yake dakon masara da albasa da ita. Rai ya yi halinsa ranar Juma'a a ƙofar gidanmu na Garo, inda nake wankan jego, kuma a kan idona aka yi.

Marigayin ya yi rayuwa mai tsawo. Mai ƙoƙari ne, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Bai taɓa gajiya da magana ba. Tun ina amarya makunninsa ya karye, sai dai a rage masa murya, ya koma "shiiii, shiiii" kamar ana tankaɗe. Kuma da aka tashi ɗaura shi tun farko, ba a tsaya neman wayar da ke bin makulli ba, aka ja waya aka naɗa masa kai tsaye a kan batir. To kun ji ciwon. A kashe mota, a zare makulli, a shiga gida a ci tuwo, shi yana can yana tsotsar wuta. In an tuna a cire masa waya, to. In an manta, da safe sai turi. Babu saurayin da ke unguwarmu wanda bai san nauyin motar nan a ƙirjinsa ba.

Na yi magana har na gaji. Kullum sai maigidan ya ce, "Ke Badi'a, wutar da yake sha ai ba ta kai ta cocila ba."

Ranar da ba zan yafe wa marigayi ba ita ce ranar da naƙuda ta kama ni. Ta zo da wuri, kafin ma a kai ni gida Garo. Da rana tsaka, ga ruwa an sha, ga laka. Aka ɗaga ni aka ɗora a gaban mota, Inna, wato surukata, tana riƙe da ni. Maigidan ya murɗa makulli. "Ƙyat." Ya sake. "Ƙyat." Maza suka taru suna turi, taya na juyi cikin taɓo, ina cizon mayafi, shi kuwa marigayi yana ƙasa-ƙasa da sauran numfashinsa yana faɗa mini farashin taki. A amalanken shanun maƙwabcinmu Baƙo aka kai ni bakin titi, kafin aka samu motar da ta ƙarasa da mu asibitin Gwarzo. Allah ya yi da sauran kwana, na sauka lafiya, ga yarinya nan Zinnira tubarkalla, kumatu kamar an hura. Amma tun a cikin amalanken nan na ƙulla da shi.

Yanzu ga yadda jinyar ta kasance. Inna ce ta tsaya ta ce wa maigidan, "Haladu, ko ka gyara abin nan ko in sa taɓarya." Shi ya sa da ya zo duba mu ranar Juma'a ya taho da Sagiru, mai gyaran wayoyin mota daga Kabo, don a nemo wayar da ba ta kawo wuta sai an murɗa makulli. Ina leƙe ta zaure. Sagiru ya kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari da ɗan ƙwan fitila mai waya biyu, ɗaya ya maƙala a jikin ƙarfen mota, ɗayar yana ta dangwala wa wayoyi. Wayoyin kuwa duk sun koɗe, launi ɗaya, ɓera ma ya ci rabonsa. Wata ya taɓa, ƙwai ya kama alhali makulli na aljihun maigidan. Ba ita ba. Wata ya taɓa, shiru, ko an murɗa. Ba ita ba. Can sai ya kai kan wayar waifa, abin goge gilashi. "Murɗa!" Ƙwai ya kama. "Kashe!" Ƙwai ya mutu. Suka yi ta yi kamar yara, har Babana ya fito yana tambaya ko lafiya.

Sai Sagiru ya ce, "Oga, an samu, amma kar ka jona. Motar nan batir biyu gare ta. Da daga ɗaya yake sha, wannan wayar kuwa ƙarfin biyun ne a kanta. Bari in je Kabo in ɗauko abin rage wuta." Ya hau babur ya tafi.

Ashe maigidan ya aika saƙo shirin gaishe-gaishe a faɗi haihuwar 'yarsa, kuma lokacin shirin ya yi. Ya duba hanya, ya duba agogo. Ya fere waya da haƙori, ya murɗe su wuri ɗaya, ya kunna. Kalaman marigayi na ƙarshe su ne: "Sai kuma gaisuwa daga Mada... ƙiiii... fut!" Hayaƙi fari ya fito ta ramin kaset, ga wari kamar an ƙona silifa. Wallahi guɗa ce ta kufce mini, har Zinnira ta farka.

Marigayin ya rasu ya bar lasifika biyu, ɗaya dama kurma ce, da eriyar da aka yi da wayar keke, da batir ɗaya da ya tsotse har ya rame. Ya kuma bar maigidana, wanda har yau in ya shiga mota sai hannunsa ya kai wajen ramin, sannan ya yi tsaki. Shi kam a yi masa gaisuwa da gaske, yana jin jiki. Motar kuwa tun ranar bugu ɗaya take tashi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar, in mai gwangwan ya biyo. Ba likkafani, buhun taki ya ishe shi. Na riga na yi magana, za a ba ni robar wankan jariri a madadinsa. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin Gwaggo Indo, akwai kunun kanwa, mai kuka ya tsaya a waje.

Sai dai wani hanzari. An ce mini an ga Baban Zinnira a kasuwar Gwarzo yana shafa wani sabo, mai fitilu ja da kore. To ku ji da kyau. Ban hana shi jin labarai ba, amma ta wayar makulli, kuma da hannun Sagiru. Arba'in ɗina ya kusa. Ranar da ya zo ɗaukarmu, da kaina zan zare makullin in saurara. In na ji ko "shii" ne, ni da 'yata muna Garo, Babana bai ce ya gaji da mu ba.

Don Allah duk wadda ta karanta ta tura gaba, musamman matan masu sayar da kayan wuta na Gwarzo da Kabo, su faɗa wa mazansu.