Yadda Za Ka Zaɓi Keken Dutse Mai Kukan Masu Kuɗi

Bi matakan nan biyar, na yi maka alkawarin kafin Lahadi biyu babu mahayin keke a duwatsun Rizal da ba zai san sunanka ba. Ni Dindo shaida ne. Da peso dubu goma sha biyu kacal na shiga harkar, don Kuya Boyet, yayan budurwata Rowena, ya rantse ba zai sa baki a maganar aurenmu wajen iyayensu ba sai na gangaro dutse a keke tare da ƙungiyarsa ta mahaya.

1. Guji mai hankali

Zai ce ka fara da birki mai kyau. Rabu da shi. Birki na mai niyyar tsayawa ne.

2. Je kasuwar Quiapo da kunnenka

Ba a zaɓen keke da ido. Ɗaga tayar baya, murza feda, ka saki. In cibiyar tayar ta yi shiru, keken talaka ne. In ta ɗauki ƙara kamar an taɓo gidan rina, to shi muke kira kukan masu kuɗi, kuma shi ake girmamawa a kan dutse.

Mang Carding mai shago ya ce da ni, "Ɗana, kuɗin nan ba za su kai cibiyar da birkin kirki ba. Zaɓi ɗaya."

Na ce, "Haba Mang Carding, ka taɓa jin an tafa wa birki?"

Ya daɗe yana kallon haƙorana, sannan ya ɗaura cibiyar.

3. Iya isowa

A gindin dutse akwai rumfar da mahaya ke shan faten shinkafa da ƙwai kafin hawa. Tun daga nesa ka daina taka feda, ka bar cibiyar ta yi maka sallama. Dole wani ya ɗaga kekenka da yatsa biyu don ya ji nauyinsa. Zai kasa. Ka ce da gangan ne, motsa jiki kake.

Kuya Boyet ya ce, "Kai malam, wannan keke ne ko ƙyauren gareji?" Amma na ga kunnensa ya motsa.

4. Hawa

Sauka ka tura. In an tambaya, ka ce hanya kake nazari.

5. Gangara

Nan za ka tuna Mang Carding. Matse birkin, zai ɗan yi maka ƙara don ladabi, ya ci gaba da sha'aninsa. Ni na wuce Kuya Boyet, na wuce jagoran tafiya, na wuce kwanar da kowa ya sha. Sai ga ni a kwazazzabo cikin duhuwar gora, baki cike da jini, ko ihu na kasa. Gaskiya na tsorata, har na yi hawaye ina tuna Rowena.

Keken ya kife kusa da ni, tayar baya a sama tana rera kukanta. Duk sanda ta yi sanyi sai in miƙa hannu in sake murza ta. Da wannan ƙarar suka gano inda nake. Ka gani? Da birki na saya, wa zai ji ni?

Kuya Boyet ne ya fara dirowa. "Ƙanina! Kana da rai?"

Ƙanina fa ya ce! Na gyaɗa kai.

"Mun gode Allah. Cibiyar fa, ba ta taɓu ba ko?"

Gargaɗi

Haƙori, ƙashin wuya ko mutuncin da ya zube a bin shawarar nan, babu ruwana, kai ka matse birkin. Ni dai an yi bikina, ko da yake a duk hotunan bikin, bakina a rufe yake saboda giɓi. Sharaɗi ɗaya Rowena ta gindaya: keken ya bar gidan. Cibiyar kuwa ta ba yayanta kyauta. Kowace Lahadi da safe yana bi ta ƙofar gidanmu, kuma daidai tagata yake daina taka feda.