Rasuwar Tsohon Zaure, da Yadda Aka Bar Hajiya Batula Tana Faɗa Ita Kaɗai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙirji mai zafi kamar an juye masa garwashi, Hajiya Batula ta unguwar Château Rouge a Paris, mai sayar da atamfa da turaren wuta kusa da mahaucin kan kwana, take sanar da 'yan'uwa na Paris da na Lyon, da duk inda mai jin Hausa ya ajiye jakarsa a ƙasar Faransa, rasuwar Tsohon Zaure, dandalinmu na intanet, wanda ya cika a farkon watan nan a hannun waɗanda ya raina.

Wannan ita ce sanarwa ta uku. Ta farko an goge ta daga sabon dandalin da aka koma, wai an saka ta a ɗakin da bai dace ba. Ta biyu an goge, wai akwai sunayen mutane a ciki. To ga ta uku a takarda, za a manna ta a ƙofar shago, mai gogewa sai ya zo da soso da bokiti. Wadda ta goge biyun farko kuwa, Leïla, tana zaune a kujerar shagon yanzu haka. Tun daga Vénissieux, can gefen Lyon, ta hawo jirgi don ta hana a rubuta, sai faɗi take Tanti ki saurare ni, Tanti ki bari in yi miki bayani. Tanti ta saurara. Tanti tana rubutu.

An haifi marigayin a ɗakin ɗalibai a Lyon, a hannun Malam Yakubu, tun yana karatu, tun gashin kansa bai gudu ya bar shi ba. Ba za a yi wa mamaci ƙarya ba, marigayin ba kyakkyawa ba ne. Fuskarsa toka-toka, rubutunsa ƙanana kamar tururuwa, ga nawa. Ka danna shi, ka je ka ɗora shayi, ka dawo ka same shi yana nan yana tunani. Amma dattijo ne na gaske. Baƙon da ya sauka Porte de la Chapelle bai san gabas ba bai san yamma ba, a wurinsa yake tambayar inda zai kwana. Mai neman daddawa ta gari, a wurinsa. Mai neman wanda zai raka shi wajen likita ya fassara masa, a wurinsa. A gabansa Monique matar Hamid ta koyi Hausa, har ta taɓa rubuta wa masu zaman makoki barka da arziki, marigayin bai yi mata dariya ba, mu ne muka yi.

Babban halinsa shi ne riƙon amana. Hajiya takan shiga ta zaga ɗaki ɗaki, ta karanta abin da ya shafe ta da wanda bai shafe ta ba, ta fita, bai taɓa faɗa wa kowa ta zo ba. Kuma ba ya mantuwa. Akwai wata mata, ba za a faɗi sunanta ba tunda an ce ba a so, amma tana da haƙoran Makka biyu kuma mijinta direban taksi ne, wadda ta rantse ba ta taɓa cewa miyar surukarta ruwan wanki ba ce. Marigayin ya fito da maganar da ranarta, bai ƙara ba bai rage ba. Muryarsa ɗaya ce tak, in an amsa maka magana sai ka ji ordinateur, wato kwamfuta, ya ce tilin. Hajiya ta sha barin mai ciniki riƙe da atamfa saboda wannan tilin.

A cikin duk abin da marigayin ya riƙe, babu kamar zancen nono. Shekaru fiye da goma ke nan wata ɗaliba ta yi tambaya, da wane nono ake dama fura a ƙasar nan. Hajiya Batula, mutuniyar Damagaram, ta ba ta amsar gaskiya, cewa nonon kwalba na shagon Larabawa. Sai ga wata daga Vénissieux, Hajiya Kadidiatou Ba'adara, mutuniyar Tawa, mahaifiyar wannan Leïla da ke zaune, ta ce a'a, fromage blanc, farin cukun nan mai laushi na Turawa, ake sa wa ruwa. Ɗalibar ta gama karatu, ta koma gida, ta yi aure, ta haihu. Su ba su gama ba. Daga nono aka koma tuwo, daga tuwo aka koma ɗaurin kallabi, daga nan aka shiga kakanni. Kullum da safe kafin Hajiya ta buɗe shago sai tilin, ta san Ba'adara ta tashi lafiya kuma ta tashi da baki.

Sun haɗu ido da ido a wasu bukukuwa. Suka gaisa, ina gajiya, ina gida, ina sanyi, kowace ta sunkuyar da kai kamar sabuwar baƙuwa. Babu abin faɗi. Sai an koma gida an buɗe Zaure, sannan Kadidiatou za ta rubuta cewa ta ga takalmin, Allah ya ba mai shi lafiya. Bara Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙan Kadidiatou, ya sa ta huta, wannan addu'a ba wasa a cikinta. Tun daga ranar Hajiya ba ta sake jin tilin daga can ba, amma takan buɗe shafin da safe ta karanta zagi ɗaya ko biyu, ta ji jininta ya motsa, sannan ta ɗaga ƙofar shago.

Ciwon ajalin marigayin ya fara ne bayan Malam Yakubu ya miƙa wa Leïla riƙonsa, tunda ita ce ta yi karatun na'ura. Aka fara cewa ya tsufa. Wai ba ya shiga salula da kyau, wai ba ya ɗaukar murya, wai masu tallar maganin ƙarfi sun gano ƙofarsa. Hajiya ta ce wane tsoho ne ba ya tari. Aka yi taro, aka ɗaga hannu, yara suka yi rinjaye, aka ce za a koma wata sabuwar manhaja da duniya ke yayi. Leïla ta kira Hajiya da bakinta ta ce Tanti kada ki damu, komai za a kwashe, ko allura ba za a bari ba. Hajiya ta yarda, domin ɗiyar Kadidiatou ce.

Ashe kwashewar da sharaɗi. Kowane mutum sai an aiko masa da kod a salularsa, ya danna J'accepte, wato na yarda, sannan tsofaffin maganganunsa su bi shi sabon wuri. Wanda bai danna ba, nasa ba sa zuwa. Jama'a, wa ya taɓa ganin mamaci ya danna J'accepte? Salular Kadidiatou tana nan a hannun ɗiyarta, a cikin durowa, layin ma bai mutu ba. Hajiya ta sani domin takan kira lokaci lokaci, kuskuren yatsa ne, kuma yana shiga. Kod ya iso. Dannawa ɗaya ce. Leïla ta ƙi.

Hujjarta, wai mahaifiyarta mace ce mai daraja, ta je Makka, ta karantar da mata a masallacin unguwa, ba ta so jikoki su tashi su tarar kakarsu tana kiran wata mai ƙafar agwagwa. Hajiya tana amsawa a nan, a gaban jama'a, cewa ita ce mai ƙafar agwagwar, kuma ba ta kai ƙara ba. Matar da Leïla ke son a tuna, mai shiru mai carbi, Hajiya ta gan ta a biki, ba ta da daɗin zama. Ta gaskiyar tana cikin Zaure.

Yanzu duk wanda ya buɗe zancen nono a sabon wurin, inda maganar Kadidiatou take sai ya tarar da Utilisateur supprimé, wato an share mai wannan suna, ga abin da zai gani:

"Wadda ke dama fura da fromage blanc ba ta da bakin magana."
Utilisateur supprimé.
"Ni? Ni kike faɗa wa haka?"
Utilisateur supprimé.
"Maimaita in kin isa, Ba'adara."
Utilisateur supprimé.

Haka shafi bayan shafi, shekara bayan shekara, tsohuwa ɗaya tana zage-zage ita da iska. Yara sun bi sun liƙa fuskokin dariya a ƙarƙashi. Wani ɗan Maradi da ko gemu bai gama fitowa ba ya tambaya ko Hajiya tana shan maganinta. Mai haƙoran Makka ta aiko da lambar wani malami. Wannan duk Hajiya ta shanye. Abin da ba ta shanye ba shi ne na ƙarshe. Daga gadon asibiti Kadidiatou ta rubuto:

"Badamagariya, nonon asibitin nan ma ya fi naki. Kada ki ce kin ci ni, hutawa na ɗan yi."

Hajiya ta amsa mata:

"Tashi ki zo ki faɗa a gabana."

A sabon wuri amsar ce kaɗai ta rage, tsaye ita ɗaya, ba wanda ya san wa ake kira.

Marigayin ya rasu ya bar Malam Yakubu, wanda ya ce shi yanzu ba ruwansa, hawan jini gare shi. Ya bar tsofaffi da dama da suka manta mot de passe, kalmar sirrin shiga, tun zamanin da, suke shiga da na 'ya'yansu. Ya bar Hajiya Batula. Akwai kuma wani da ke yawo da sunan Zaure Plus, wato sabon wurin nan, yana cewa shi ɗansa ne. Iyalan marigayin ba su san shi ba. Ko a kunne ba su yi kama ba. Marigayin bai taɓa kunna koriyar fitila a kan sunan baiwar Allah don duniya ta san ta leƙo ba, bai kuma taɓa shelanta cewa Batula tana rubutu tun ba ta gama zaɓen kalmar da za ta fi zafi ba.

Gawar tana nan a inda aka san ta, an ɗaure mata haɓa. Ana iya shiga a gani, ba a iya rubutu. Ƙarshen wata za a share ta gaba ɗaya, da Kadidiatou a ciki, in ba a danna abin nan ba.

Game da jana'iza. Hajiya ta kai wa François mai fotokopi zancen nono tun daga farkonsa, ya buga shi duka a takarda, da nata da na Ba'adara. Da ya ga tulin ya tambaya ko dosiyen neman takardun zama a préfecture ne, ta ce masa eh. An naɗe shi a farin yadi daga shago, ga shi nan a kan tebur. Ranar Asabar ta ƙarshen wata zai tashi daga tashar jirgin Gare de Lyon ta nan Paris a cikin jakar Hajiya, a sauke shi a unguwar Minguettes ta Vénissieux, a ɗakin taron da ke ƙasan benen da Kadidiatou ta zauna, bayan la'asar. Za a dama fura iri biyu, kowa ya sha ya faɗi gaskiya tsakaninsa da Allah. Ba a son kowa ya ce wa Hajiya ta yi haƙuri. Duk wanda ya zo zai zari takarda ɗaya, ya miƙe, ya karanta mata zagin Kadidiatou da ƙarfi, da harshen Tawa in zai iya, ita kuma za ta rama da ka, ba ta buƙatar dubawa. Masu liƙa fuskar dariya su zauna a baya. Salula a bar ta a aljihu.

Ƙarin bayani. Za a samu giɓi a wajen karatun. Ana cikin rubuta wannan, Leïla ta ce ita ƙafarta ba za ta taka wurin ba, ta kwance yadin tana juya takardun wai ta nuna wa Tanti irin abin kunyar da take nufi. Sai ta tsaya a kan wata. A nan uwarta ta rubuta, duk Faransa na karantawa:

"Badamagariya, yau ba faɗa. Leïla ta ci jarrabawa, ta zama injiniya. Na shiga banɗaki na yi kukana don kada ta gani ta raina ni. Ke kaɗai na faɗa wa."

Ta karanta, ta sake karantawa. Hajiya ta tambaye ta ko wannan ma abin kunya ne, ko kuwa za a danna. Leïla ta miƙe. Ta ninke takardar ta cusa a jaka, alhali ba ita ta kai wa François ba, ta sa rigar sanyinta a baibai, ta fita, ta bugo ƙofar shago har atamfofin da ke rataye suka zubo ƙasa.