Ranar da Aka Ji Abin da Nake Faɗa

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na rage wa waƙata gudu ba. Shekarun ne da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo, ruwa ya fara bin magudanai zuwa gonakin shinkafarmu na Wurno. Wani direban masu aikin ya bar mini tsohuwar jita da kaset guda na kiɗe-kiɗen ƙasashen waje. Gefe ɗaya kiɗan pank ne, ihu da gudu kamar ana kora. Ɗaya gefen kiɗan ska da na rege, masu tafiya a natse.

Pank na fara ɗauka, don ya dace da zuciyata a lokacin. Na haɗa waƙa a kan Malam Sambo, dattijon da ke riƙe da makullin rabon ruwa, wanda kullum sai ya makara ranar da layi ya zo kanmu. Shekara biyu ina zabga ta a bakin gona, babu wanda ya taɓa tsintar kalma ɗaya. Shi kansa Malam Sambo in ya wuce sai ya ɗaga mini hannu ya ce, "Sannu da ƙoƙari, ɗana." (Ni kuma ina son 'yarsa Hajo kamar raina, kuma har an fara maganarmu a gida. Kada ku tambaye ni ina hankalina yake.)

Hajo ce ta ce mini wata rana, "Kai wanga kiɗi naka, mi aka gudu? Wa ka biyo ka?"

Sai na juya kaset. Na zauna kusa da injin ban ruwa ina saurare, na gane sirrin: ba a bugun jita tare da dukan inji, sai a cikin ɗan ramin da ke tsakanin duka da duka. Ska na yin haka da tsalle, rege na yi da natsuwa. Na yi makonni ina shawagi a cikin ramin nan. Ruwa na tafiya a hankali, balbelu na sauka, shanun Fulani na gangarowa daga Boyekai, ni kuwa ina ganin kaina da Hajo cikin kwalekwale, ba mai tuƙi, kiɗan kawai ke tura mu. Na canja wa waƙar komai. Kalmomin ne kaɗai ban taɓa ba, don na daɗe da daina jin su.

Ranar bikin yayan Hajo, bayan la'asar, abokan ango suka ce in yi musu wani abu. Na rufe ido, na fara a hankali. Wallahi ta yi daɗi. Na ji wurin ya yi tsit, na ce a raina yau na kama mutane. Ashe daɗin ne ya tsayar da Malam Sambo, wanda ya fito raka surukansa na Rabah.

Ido a rufe na iso baiti na uku, kowace kalma tana fita tas: Sambo mai makulli, yana barci gindin giginya, shinkafa na kuka, shi yana minshari. Na ma maimaita minsharin da baki, sau biyu, daidai cikin ramin kiɗan.

Da na buɗe ido, ga shi tsaye gabana, surukai na kallon ƙasa, ɗaya yana cizon hannun rigarsa.

Ya ce, "Ɗana, abin da kaka hwaɗi ke nan shekara biyu? Ni ina cewa yabona kaka yi. Har addu'a nika yi maka."

Na so ƙasa ta tsage. Jitar ma na rasa inda zan ajiye ta.

Mako na gaba ruwanmu ya zo tun da hantsi. Na hango Malam Sambo yana murɗa makulli, yana rera waƙar a hanci, kuma bai kuskure ramin ba ko sau ɗaya. Na ɗauka an yafe mini. Da na je wurin Hajo, daga bakin zaure ta sallame ni.

"Da ihu kay yi, sai in ce hauka ce. Amma ka zauna ka gyara ma zagin ubana murya."

Bayan shekara ta auri wani malamin makaranta a Tursa, mutum mai shiru. Har yau ina kaɗa rege, amma kafin in rage wa kowace magana gudu, sai na fara sauraron ta ni kaɗai.