Ƙwallon da Yaya Nasiru Ya Ci Sau Biyu

Ba za ni taɓa mance kakar wasan da Yaya Nasiru ya buga a babbar gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ba, ko da yake ban taɓa taka filin wasa ba, kuma duk tsawon kakar abin da na kalla bai wuce ɗan gutsuren bidiyo guda ba. Gutsuren nan ne ya jawo mini kunyar da har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A lokacin ina babbar sakandare a garinmu Isa. Ni irin yaran nan ce da malami kan gama zango bai san muryarsu ba. Baki a rufe, amma ido na aiki. Na san yarinyar da ta aro takalmin yayarta, na san ranar da malamin lissafi ya fito gida bai karya ba. (A ɓoye har alfahari nake yi da wannan ido nawa, Allah ya yafe mini.)

Yaya Nasiru shi ne ɗan fari a gidanmu. A filin firamare ya fara buga ƙwallo ba takalmi, daga nan ya tafi Sakkwato, daga can wata ƙungiya ta wata jiha ta ɗauke shi mai tsaron baya. Baba bai so ba. Shi ɗan kasuwa ne, yana sayen wake da albasa a kasuwannin Isa da Sabon Birni ya kai Maraɗi, ya dawo da dabino da kanwa. Gwiwoyinsa sun fara ciwo, hanya kuma ba lafiya, yana son ɗansa a gefensa. Ranar da Yaya zai tafi, Baba ya gindaya masa sharaɗi. Yaya ya riga ya bayyana masa cewa ƙarshen kowace kaka ana sauke ƙungiyoyin da suka zo ƙarshe zuwa ƙaramin rukuni. Baba ya ce, "To, na ba ka kaka guda. In ƙungiyar taku ta tsaya cikin manya, ka ci gaba. In ta faɗo, ka dawo mu kama hanya tare."

Inna kuwa ta ci gaba da dakanta. Dama ba ta taɓa cewa komai game da Yaya. Kunyar ɗan fari take yi irin ta matan da, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan yaro" take cewa, shi ma sai ta kama dole. Amma na lura duk sa'ad da aka ambaci ƙwallo a gidan, taɓaryarta kan rage sauri.

Shekarar ce layin waya ya ɗauke a yankinmu saboda matsalar tsaro. Rediyon Baba kuwa ƙwallon Turai ta fi ba da labari, tamu ta gida sai in lokaci ya rage. Don haka labarin kakar gaba ɗaya a bakin Kawu Ɗanjuma muke jinsa, ƙanen Inna, direban bas tsakanin Isa da Sakkwato. Zai shigo ya zauna kan turmi, a miƙa masa fura, ya ce, "Sun ci." Wani makon ya ce, "Canjaras." Da tafiya ta yi nisa sai ya zama "an cinye su" ya fi yawa, shi ma Kawu ya rage zama kan turmin. Da damina ta kankama, gero ya kai gwiwa, ya zo ya ce, "Saura wasa guda, ran Lahadi, da masu riga ruwan ɗorawa. In sunka ci sun tsira. In ba haka ba, Nasiru shi fara koyon awon wake."

Lahadi ta zo ta wuce, ba mu ji komai ba. Kawu yana Sakkwato.

Ran Litinin da na taso makaranta Inna ta aike ni in karɓo wayarta wurin Sani mai caji. (Ba layi, amma ana kunna fitilar wayar, ana sauraren wa'azi.) Shagon Sani nan ne bidiyo da waƙoƙi ke sauka. 'Yan kasuwar da suka tsallaka Nijar su sami layi su sauko da abubuwa, su dawo a yi ta turawa daga waya zuwa waya. Shagon cike da samari. Na tsaya a bakin ƙofa na ja hijabi na rufe rabin fuska.

Sani ya hango ni ya ce, "A'a, ƙanwar ɗan ƙwallo! Wani ya taho mani da yayanki daga Maraɗi, na tura maki shi cikin wayar. Kai ma su Inna su sha kallo."

Tambaya ta zo mini har kan harshe: na jiya ne? Sai na ga samarin duk sun juyo suna kallona. Na haɗiye ta, na karɓi waya, na gyaɗa kai, na fice.

A gindin darbejiyar bayan makarantar Islamiyya na tsaya na kunna. Ga masu riga ruwan ɗorawa. Ga su Yaya. Tun kafin a nuno fuskarsa na gane shi, don in yana gudu kafaɗarsa ta hagu kan ɗan sauka. Aka bugo kwana daga kusurwar fili, ya tashi sama ya fi kowa, ya sa kai, raga ta motsa. Aka yanka bidiyon zuwa ƙarshen wasa, alƙali ya hura usur, 'yan wasa suka rufe shi da runguma.

Abin da ban sani ba a lokacin, wanda duk yaron da ke buga ƙwallon tsumma a unguwarmu ya sani, shi ne a irin wannan gasa kowace ƙungiya tana haɗuwa da kowace sau biyu: sau ɗaya a gidanta, sau ɗaya a gidan abokiyar karawa. Ni dai an ce masu ɗorawa ne wasan ƙarshe, ga masu ɗorawa a gabana. Lissafi ya cika.

Ni da ko sallama a hankali nake yi, ranar da ihu na shiga gida. "Sun ci! Inna, sun ci! Yaya ne ma ya ci!"

Gwaggo Hajo, yayar Baba da ke zaune tare da mu, ta fizge wayar ta kalla, ta rangaɗa guɗar da ta sa kaji suka watse. Kafin a jima matan maƙwabta sun cika tsakar gida, kai bisa kai, ana "maido shi baya mu gani". Inna na tsaye riƙe da taɓarya kamar abin bai shafe ta ba. Gwaggo ta kai mata wayar har gaban ido. Na zuba mata ido ina kallo. Da Yaya ya tashi sama, taɓaryar ta suɓuce, sai kawai muka ji ta ce, "Nasiru! Nasiruna!"

Tsakar gida ta fashe da shewa.

"Yau ga abin faɗi! Ta kama sunan ɗan fari!"

"Ashe kin san sunan nashi, muna ta ɓoye maki!"

Inna ta rufe fuska da gyale tana dariya tana hawaye. Ta sa aka kamo babban zakaranta aka yanka, aka ɗora tukunya, aka aika wurin mai tuyar masa a sayo ta sadaka. Ni kuwa aka zaunar da ni tsakiya, kowa ta shigo sai in sake ba da labari. Maganar da na yi ranar ta fi wadda na yi duk shekarar. Har ƙari na riƙa yi, ina bayyana musu abin da ake nufi da kwana, ni da na fara ganinta ɗazu.

Aka kai wa Baba wayar a zaure, inda liman da dattawan unguwa suka taru yi masa barka. Na laɓe bayan ƙofa. Ya riƙe wayar nesa da ido kamar yadda yake karatu, ya kalla, ya ce a sake. Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. Ku shaida, na sakam mashi. Shi ci gaba da ƙwallonai." Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha.

Bayan la'asar Kawu Ɗanjuma ya shigo. Abin da na fara lura da shi, bai yi irin sallamarsa mai ƙarfi ba. Ya dubi gashin zakara a ƙasa, ya dubi matan, ya ce, "Haihuwa anka yi ban sani ba?"

Gwaggo Hajo ta ce, "Kai da ke kawo labari yau an riga ka! Ɗiyarka ta kawo muna tun da rana."

"Wane labari?"

Ni da kaina na miƙa masa wayar, har da murmushi. Ya kalla. Ya sauke numfashi, ya zauna kan turmi.

"Taho nan, ɗiyata. Ke da anka ce kin fi kowa ido. Bar kallon yayanki, dubi 'yan kallo. Mi sunka sa?"

Na duba. Hulunan sanyi. Rigunan sanyi, wasu har da mayafi a wuya. Ciyawar bayan raga ta bushe ƙamas. Mu kuwa ga mu tsakiyar damina, zufa na bin bayana.

Ya ce, "Wanga wasan farkon kaka ne, tun lokacin ɗari, a filin ƙungiyar su Nasiru. Ba ni na zo nan na ce maku ya ci ƙwallo da kai ba? Jiya can garin masu ɗorawa anka tai, anka cinye su. Sun faɗi." Ya miƙo mini wayar. "Ƙwallo guda yaron nan ya ci duk shekara, ke kin sa ya ci ta sau biyu."

Ba wanda ya yi dariya. Da an yi da ya fi mini sauƙi. Abin da kawai ake ji shi ne tafasar tukunya. Matan suka fara neman takalmansu, kowace da uzurinta, wannan ta bar tuwo a wuta, waccan yaro na kuka. Gwaggo Hajo ta leƙa tukunya ta ce a hankali, "To, shi zakaran dai ba shi dawowa." Inna ta tashi ta shige ɗaki ba ta dubi kowa ba. Wannan ya fi komai ci mini rai. Abin da ta tsare tun kafin a haife ni, na sa ta saki a gaban matan unguwa, a kan labarin da ya kwana watanni.

Na je bayan rumbu na zauna tare da awaki har aka kira magariba. Daga can ina jin dattawa na fita daga zaure ɗaya bayan ɗaya, ana "Allah shi kyauta".

Bayan 'yan kwanaki Yaya ya dawo, ya rame, da jakarsa a kafaɗa. Kawu ya riga ya ba shi labari a mota, don yana ganina ya ce, "Ina gaisuwa, gidan rediyon Isa." Ban iya ɗaga kai ba. Ya wuce ya durƙusa gaban Baba, ni kuma na kai ruwa na ƙi fita da wuri.

"Na dawo, Baba. Yaushe za mu kama hanya?"

"Ba da kai za ni ba."

"Ai mun faɗi, Baba. Sharaɗi ya cika."

"Na yi magana gaban liman, an shafa fatiha. In koma in ce masu mi?"

"Ka ce labarin ba daidai ba ne. Kowa ya sani."

Baba ya shafa gwiwarsa ya ce, "Ranar ce ba daidai ba. Tashin da ka yi sama na gan shi da idona. Ni ban san haka kake ba." Ya juyo ya gan ni tsaye da kofi. "Ke kuma, ajiye ruwan ki tafi, kar ki kai ma unguwa."

Da aka buɗe sabuwar kaka Yaya ya koma, yana bugawa a ƙaramin rukuni, suna ta fafutukar komawa sama. Baba kuwa har yanzu shi kaɗai yake tafiya Maraɗi. In na ga yadda yake dafa gwiwa kafin ya hau mota, sai in rasa ko alheri na yi wa gidanmu ko akasin haka. Yaya yana cewa na cece shi. Inna ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban taɓa samun bakin ba ta haƙuri ba.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Na guje wa kunyar buɗe baki gaban samarin shago guda, na je na kwaso ta unguwa sukutum, har na raba wa mahaifiyata. Yanzu ko ce mini aka yi an yi ruwa a Tozai, nan kusa da mu, sai na daure na tambaya: na yau, ko na bara?