Gwajin Allura a Garin Tukuna

A wani gari da ake kira Tukuna, mai gari ya wayi gari da tausayin talakawa, abin da kan same shi sau ɗaya a shekara kamar mura. Ya tara Majalisar Gyaɗa Kai, ya ce daga yau babu mai sake sayar da akuyarsa don a yi masa aiki a asibiti. Aka kafa inshora, aka raɗa mata suna Laimar Kowa. Kowane gida ya riƙa zuba abinsa duk wata, aka raba kati mai hoto, mutane suka yi ta murna har da masu adana katin a ƙasan adaka.

Sai dai majalisa ba ta son ɓarna. Ta zauna kwana tara, ta fito da doka cewa ciwo iri uku ne: ɗanye, nunanne da ruɓaɓɓe. Ɗanye a jira shi. Ruɓaɓɓe laifin mai shi ne da ya yi sakaci. Nunanne kaɗai Laima ke biya wa aiki. Aka naɗa Sarkin Nuna don ya riƙa tantancewa, wani bawan Allah da ya shekara ashirin yana sayar da mangwaro a Kasuwar Ba Ragi. Ba na zargin kowa, mutumin ya san nuna.

A bakin wannan kasuwa akwai wani tela, Malam Jatau, wanda ya shekara arba'in a kan keke. Sai yanar ido ta fito masa a duka biyun, duniya ta koma masa kamar hayaƙin ɗanyen itace. Ranar da ya ɗinka wa ladan aljihu a gadon baya, masu kawo ɗinki suka fara gaishe shi daga nesa suna wucewa. Likita ya duba ya ce aikin rabin awa ne, a kankare yanar ya koma kan kekensa. Takardar Sarkin Nuna kawai ake bukata.

Matarsa Kande ta riƙe masa sanda suka tafi ofis.

Sarkin Nuna ya ɗaga hannu. “Baba, yatsu nawa?”

“Kamar uku, ranka ya daɗe.”

“Uku ne. Ɗanye shar! A dawo bayan damina.”

Bayan damina suka koma, aka ce na dama ya nuna amma na hagu da saura, kuma Laima ba ta raba ido da ɗan'uwansa. Da na hagu ya kamo, sai aka ce na dama yana neman ruɓewa, a hanzarta. Suka hanzarta, suka tarar hoton katin bai yi kama da shi ba, don a hoton idonsa garau yake. Kande ta ce ai shi ya sa muka zo. Akawu ya ce wannan magana ce mai ma'ana, amma babu gurbinta a takarda.

Ana haka majalisa ta gano wasu na ƙaryar makanta wajen ƙirga yatsu, ta sauya gwaji. Yanzu allura da zare ake miƙa wa mutum a gaban jama'a. Wanda ya kasa zurawa idonsa ya nuna, wanda ya zura ya koma gida.

Tun a hanya Kande take ja masa kunne.

“Malam, don girman Allah ka kasa. Sau ɗaya dai a rayuwarka.”

“Ke, ina ganin allurar ne balle in zura? Ko ke ɗin ma muryarki nake bi.”

“Na san hannun nan naka. Ka soke shi a aljihu in ya ƙi ji.”

Gaskiyarta. Ni ma da nake ba ku labari na tausaya masa, don rabon Jatau da ya kalli kafar allura tun yana saurayi. Da yatsa yake jin ta.

Layi ya kawo kansa. Mutum shida a gabansa duk sun kasa, an buga musu hatimi suna ta hamdala. Aka ɗora masa allura a tafin hannu. Ya laluba, ya kai zaren can gefe, ya kuskure da gangan. Ya sake kuskurewa. Kande ta sauke ajiyar zuciya, akawu ya ɗaga hatimi.

Sai wani daga cikin 'yan kallo ya ce, ba da mugunta ba ma, “Allah sarki! Wai Jatau tela ne wannan. Ashe dama hannun ya tafi.”

Jatau ya tsaya cak.

“Wa ya ce hannun ya tafi?”

“Malam!” in ji Kande.

Ina! Ya lashi bakin zaren, ya murza shi, ya daidaita allurar tsakanin yatsu biyu, fuskarsa na kallon rufin ɗaki. Zare ya wuce sumul. Har ya ƙulla bakinsa ya gatsa ragowar da haƙori, yadda ya saba. Wuri ya kaure da tafi. Ya yi murmushin da Kande ta shekara biyu ba ta gani ba, ita kuwa ta zauna a ƙasa ta dafe kai.

Sarkin Nuna ya miƙe tsaye don girmamawa. “Masha Allah! Baba, ko ni mai tabarau ba zan yi haka ba. Akawu, rubuta: ido lafiya lau, ya warke a ƙarƙashin Laima.”

Jatau ya miƙa allurar a karɓa. Bango ya miƙa wa. Akawu ya zagayo ya karɓa, ya ajiye takardar shaidar lafiyar ido a kan tebur, ya ce Baba ya karanta, in ya gamsu ya dangwala.

Jatau ya shafa teburin, ya taɓa hatimi, ya ture kofin shayi. Sarkin Nuna mutum ne mai tausayi. Da kansa ya kama babban yatsan tsohon, ya tsoma a tawada, ya kai masa daidai wurin.

“Nan ne, Baba,” ya ce. “A hankali. Sai mai bi masa!”