Ranar da Kawu Ya Yi Mini Godiya a Makirfo

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na yi hayar baƙi ba, ko da tsufa ya kai ni ga manta sunan unguwarmu. Har yau in hanya ta biyo da ni ta gaban gidan abincin nan na Gusau, sai in ga wuyana ya juya ɗaya gefen titi da kansa.

Bari in ɗauko muku daga tushe. Na gama karatu, na yi shekara biyu ina yawo da takardu ofis-ofis, sai wata rana na ci karo da abin da ake kira karaoke a waya. Ga wanda bai sani ba, kiɗa ake sakawa babu muryar mawaƙi, baitukan suna fitowa a allon talabijin, duk wanda ya ga dama ya tashi ya karɓi makirfo ya rera da bakinsa, jama'a su yi tafi ko su yi dariya. Mai kayan kuma yakan ƙulla da mai wuri, duk mako ya zo ya gabatar, a sallame shi. Na ce shi ke nan, sana'a ta samu. Na sayar da babur ɗina, na sayi lasifika biyu da makirfo biyu da wani talabijin na hannu. Na tara waƙoƙin Hausa masu tsabta, na kai situdiyo aka cire muryoyin, na zauna na buga baitukan a kwamfuta da yatsa biyu. Har kati na buga mai hotona da baƙin gilashi (wallahi in na tuna gilashin nan, tausayin kaina nake ji).

A ƙasashen da ake yin abin, mashaya ake kai shi. Mu nan kuwa ka san ba wannan maganar, don haka na nufi gidajen abinci da wuraren shan fura da ɗakunan taro. A Tsafe wani mai wurin fura ya saurare ni tsaf har na gama, sannan ya ce, "To in su za su yi waƙar, kai mi za ka yi?" Na ce ni zan riƙa kiran su. Ya ce, "Wato in biya ka ka kira mutanen da ke zaune cikin shagona?" A Bungudu mai kula da wani ɗakin taro ko zama bai ba ni ba. Cewa ya yi, "Samari, wa ka taɓa gani da mutuncinshi, ba maroƙi ba, ya tashi gaban jama'a yana waƙa?" Na dawo gida a motar haya, lasifika a kan cinya.

Wuri na ƙarshe da ya rage mini shi ne gidan abincin Hajiya Rabi a Gusau. Tsohuwar shugabar makaranta ce da ta yi ritaya ta buɗe wurin, kuma har lokacin ta saman tabarau take kallon mutum. Ta juya katina gaba da baya, ta ce tsakanin la'asar da magariba ranar Asabar kasuwarta kan yi sanyi, don haka za ta gwada ni sau ɗaya.

"Ga sharaɗina," in ji ta. "In mutum uku cikin masu cin abinci suka tashi da kansu suka yi waƙa, kowace Asabar taka ce har shekara. In ba su tashi ba, ka kwashe kayanka, ba rigima."

Na ce, "Hajiya, uku kawai? Ai sai kin riƙa raba layi."

Ina fita na fara lissafi. Maganar mutumin Bungudu gaskiya ce, kuma na san gaskiya ce. Babu ma'aikacin da zai ajiye cokali ya tashi yana rera waƙa alhali mai yiwuwa surukinsa na teburin baya. In kuwa wannan ta kuɓuce mini, sai dai in jera lasifika a ɗaki mu riƙa kallon juna. A nan ne basirata ta motsa (ku yi haƙuri, a lokacin basira na ɗauke ta). Na ce zan kawo mutanena uku su zauna kamar baƙi, su ci abinci, in na yi kira su tashi ɗaya bayan ɗaya.

Biyu ba su ba ni wahala ba. Nasiru da Bashar abokaina ne na makaranta, a Bungudu suke, ba wanda ya san fuskarsu a wurin Hajiya. Na ukun ne ya gagara. Sai ga Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, ya zo daga Kwatarkwashi gyaran injin ban-ruwa, ya sauka gidanmu. Manomi ne, dattijo mai farin gemu, kuma duk dangi sun san in yana huɗa muryarsa har gonar maƙwabta. Na ce kai, wannan ai ya fi kowa. In Hajiya ta ga dattijo ya tashi da kansa, magana ta ƙare.

Kwana uku muna atisaye a zaure. Na koya musu yadda za su yi ɗan jim kafin su tashi, da yadda za su sosa ƙeya kamar kunya ta kama su. Na kafa doka: kowa ya shigo shi kaɗai, kowa da teburinsa, ba mai kallona, ba mai gaishe ni.

Kawu ya ce, "Kar in gaishe ka? Faɗa munka yi?"

Na ce, "A'a Kawu, na awa biyu ne kawai. Ka yi kamar ba ka san ni ba."

Ya girgiza kai ya ce, "Ni dai ban taɓa jin irin wagga sana'a ba. Amma tunda kai kac ce, an gama."

Ranar Asabar na isa da wuri na jona kaya. Bayan la'asar wurin ya ɗan cika: ma'aikata biyar a teburi ɗaya, wani Alhaji da abokinsa, wasu mata da 'ya'yansu a ɓangaren iyali. Mutanena suka shigo yadda aka tsara. Kawu ya wuce ta gabana fuska a ɗaure, ya zauna, ya sa aka kawo masa shinkafa da kaza. Na ji daɗi har raina.

Na ɗauki makirfo na yi bayani, na ce wa zai buɗe mana fage? Shiru, sai ƙarar cokula. Wani ma'aikaci ya dube ni ya dubi abokinsa, suka ci gaba da cin abinci. Can sai Nasiru ya yi ɗan jim, ya sosa ƙeya, ya taso. Ya yi waƙarsa lafiya lau, aka tafa masa. Bayan minti goma Bashar ya taso. Shi Bashar muryarsa sai addu'a, kiɗa na gabas yana yamma, amma hakan ma ya yi mini amfani, don mutane suka saki jiki suna dariya, wata mata ta ɗaga waya tana ɗauka. Na saci kallon Hajiya a bayan kantar karɓar kuɗi. Ta ɗaga mini yatsa biyu. Jama'a, a wannan minti har na fara tunanin yadda zan koma Tsafe in wuce ta gaban mai fura ba tare da na ce masa komai ba.

Na gyara murya na ce, "Ko a cikin iyayenmu akwai wanda zai nuna wa yara yadda ake yi?"

Kawu ya wanke hannu, ya gyara hula, ya sosa ƙeya daidai yadda na koya masa, ya taso. Na ce, "Sannu Baba, ya sunan?" Ya yi mini wani kallo na tausayi, ya ce, "Sale." Na miƙa masa makirfo, na saki kiɗan wata tsohuwar waƙar noma da muka shirya. Sai ya ɗaga hannu.

"Dakata da kiɗin ga tukuna."

Ya bubbuga kan makirfo da yatsa, ya hura, ya yi sallama. Duk wurin aka amsa. Ni kuwa a duk lissafina na kwana uku, abu ɗaya na manta, abin da tun ina yaro nake gani a kowane suna da kowace walima: dattijon ƙasar nan ba ya karɓar makirfo ya wuce kai tsaye ga abin da ya kawo shi. Sai ya yi godiya.

"Jama'a," in ji Kawu, "da farko muna gode ma Allah da yak kawo mu lahiya. Ina gaida Hajiya mai wanga wuri, Allah shi ƙara kasuwa, miya ta yi."

Aka ce amin. Har lokacin murmushi nake, ina gyaɗa kai kamar mai gabatarwa na gaske.

"Sannan ku taya ni godiya ga yaron ga da kuka gani tsaye. Ɗan yayata ne, a gabana anka raɗa mai suna. Ya ce kar in gaishe shi, kuma Allah ya gani ban gaishe shi ba. Amma a yi ma mutum alheri shi yi shiru, ba a koya muna haka ba. Shi yat tara mu mu uku, ni da Nasiru da Bashar. Ina kuke? Ku tashi a gan ku."

Wallahi Nasiru ya tashi. Ya ɗan ɗago daga kujera, ya ɗaga hannu, ya koma ya zauna. Bashar kuwa ya sunkuya ƙarƙashin teburi yana ɗaure igiyar takalmi, alhali silifa ce a ƙafarsa. Na kai hannu da sauri in kashe makirfon Kawu, sai na kashe nawa.

"Kwana uku yana koya muna waƙa cikin zaure," Kawu ya ci gaba, murya tar har bakin titi. "Har inda za mu sosa ƙeya shi yan nuna muna. Kazar ga da nic ci, shi yab biya. Yaran yanzu ba kowa ke da irin wanga zumunci ba. Don haka ku sa baki, Allah shi ba shi kwangilar ga da yaka nema wurin Hajiya, uwarshi ta huta da tunani."

Wurin ya ɗauka gaba ɗaya: "Amin!" Sai dariya ta fashe. Alhajin nan ya ƙware da ruwa, abokinsa na bubbuga masa baya. Matar da ke ɗauka da waya ta juyo da ita kaina. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Ban iya kallon wajen Hajiya ba.

Kawu ya juyo ya ce, "To, saki kiɗin."

Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da a ce zan iya gudu, da da sauƙi. Amma kiɗa ba ya sakin kansa, dole na tsaya a gefensa ina danna kwamfuta, kowa na kallona. Kuma Kawu ya rera waƙar nan yadda ban taɓa jin ya rera ba, ko allon bai kalla ba. Ma'aikatan nan suka ajiye cokula suna amshi. Da ya gama aka yi tafin da ya fi na kowa.

Bayansa Alhajin ya miƙo hannu a ba shi makirfo. Zuciyata ta ɗan farfaɗo, na ce ko Allah zai rufa asiri. Ashe gaisuwa zai yi. Ya gaida Hajiya, ya gaida Kawu, ya ce rabonsa da ganin dattijo mai gaskiya irin wannan an daɗe, ya zauna. Mutum uku suka biyo bayansa, kowa ya yi godiya ya miƙo mini abina, babu wanda ya rera ko baiti ɗaya.

Kafin magariba na naɗe wayoyi, Hajiya ta yafito ni. Na je ina shirin rantsuwa da bayani, ta ɗaga hannu.

"Malam, shekara talatin na yi ina koyarwa a garin nan. Ka zaci ban san ba wanda zai tashi ranar farko ba? Tun ranar da ka zo na yanke zan ba ka wata biyu ka gwada, ko mutum ɗaya bai tashi ba. So nake in ga yadda za ka yi in wuri ya yi maka shiru. To na gani."

Na ce, "Hajiya, don Allah..."

Ta ce, "Wanda ya kawo mini baƙin ƙarya ina zaune, ranar da na bar masa wurin na tafi unguwa me zai kawo? Ka gaida gida." Ta miƙo mini leda mai ɗumi, ta ce in ba Kawu, tukuicin waƙa ne.

A cikin keke mai ƙafa uku muka koma, ni da Kawu da lasifika. Ya buɗe ledar ya leƙa, ya ce, "Na ga Hajiya ta kira ka gefe. An dace?"

Na ce, "Ba a dace ba, Kawu."

Ya riƙe gemu. "Ikon Allah. Duk da addu'ar da anka yi?"

Ƙanen uwata ne, kuma a cikin mu huɗu shi kaɗai ne bai yi ƙarya ba. Na juya ina kallon titi don kar ya ga idona ya kawo ruwa.

Yanzu hayar lasifika nake bayarwa a wuraren suna da walima, kuma alhamdulillahi ana samun na cefane. Darasin da na ɗauka kuwa ga shi kyauta: in za ka shirya ƙarya, kada ka sa mai tarbiyya a ciki. In kuma danginka duk masu tarbiyya ne irin nawa, to ka haƙura ka faɗi gaskiya tun farko, ta fi maka sauƙi.